Sharhi Kan Takardar Istanbul: Magana Ta Yi Sama, Ruwa Yana Ƙasa

A wannan fitowar ina so mu ɗora wata takarda a kan sikeli. Ita ce wadda malaman Musulunci da masana muhalli suka fitar a birnin Istanbul na Turkiyya ranar 18 ga Agusta, 2015, suka sa mata suna Sanarwar Musulunci Kan Sauyin Yanayi. Yanzu ta haura shekara 10 da fitowa, shekara 10 kuwa ta isa a duba haja a ga ko ta karɓu ko ta yi kwantai. Wani zai ce, Malam, mu da ke fama da kuɗin haya da na makarantar yara, ina ruwanmu da takardar Turkiyya? To ai ruwan shi ne ruwanmu. Duk wanda yake garin Badun a daren 26 ga Agusta, 2011 ya san abin da nake nufi.

Takardar 'yan shafuka ce. Cikin waɗanda suka shirya taron akwai ƙungiyar agaji ta Islamic Relief da wata cibiyar muhalli ta Musulmi da ke Birmingham a Ingila, wadda Fazlun Khalid ya kafa. Mahalarta sun fito daga ƙasashe kusan 20, har da Muftin Uganda da shugaban Majalisar Malaman Indonesiya na lokacin, Din Syamsuddin. An fitar da ita ne domin ta riga babban taron yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka yi a birnin Paris a Disambar wannan shekarar, 'yan watanni bayan Fafaroma Francis ya fitar da tasa wasiƙar a kan maganar. Kashi uku aka yi mata: bayanin halin da duniya take ciki, sai abin da Musulmi ya yi imani da shi game da halitta, sannan kiraye-kiraye ga waɗanda abin ya shafa.

Bari in fara da inda ta yi kyau, domin mai ciniki na gaskiya ba ya kushe kaya don a rage masa kuɗi.

Na farko, ta kafa maganarta a kan mizani, wato ma'aunin nan da aka ambata a farkon Suratur Rahman. Ta nuna cewa Allah Ya tsara iska da ruwa da daji da dabba suna riƙe da juna, in ka taɓa ɗaya sauran sai sun motsa. Wannan shi ne abin da masana suke faɗa da nasu lissafin. Hayaƙin fetur da gas da kwal yana taruwa a sama kamar bargo, yana hana zafi fita. Iska kuma idan ta ƙara zafi da digiri ɗaya, tana iya riƙe ƙarin tururin ruwa kusan kashi 7 cikin 100. Shi ya sa za ka ga an yi makonni ba a samu ɗigo ba, rana ɗaya kuma sai sama ta juye ruwan wata guda cikin awanni.

Na biyu, ta kawo aya ta 41 a Suratur Rum, wadda ta danganta lalacewar ƙasa da teku ga aikin ɗan Adam. Da wannan ta toshe ƙofar da muka fi son fita ta cikinta duk lokacin da ruwa ya yi ɓarna, wato mu ce ƙaddara ce, mu shafa fatiha, mu watse. Babu Musulmin da ke musun ƙaddara. Amma Sayyidina Umar (RA) da ya kama hanyar Sham aka gaya masa annoba ta ɓarke a can, juyawa ya yi da jama'arsa. Da Abu Ubaida (RA) ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, sai ya nuna masa cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Takardar ta tsaya a kan wannan fahimtar, kuma ta yi daidai.

Na uku, ba ta raba laifi daidai wa daida tsakanin mai jirgin sama da mai amalanke ba. Ta ambaci ƙasashe masu arziki da ƙasashe masu haƙo mai, ta ce su ne ya kamata su shige gaba wajen daina fitar da hayaƙin nan kafin tsakiyar wannan ƙarni, su kuma tallafa wa matalauta. Nahiyar Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya. Takardar da malamai suka sa wa hannu, ta dubi ƙasashen mai, waɗanda da yawansu na Musulmi ne, ta ce musu su rage, wallahi ta yi ƙoƙari.

To yanzu sai inda ta gaza, kuma wurare uku ne.

Gazawa ta farko, ta yi kira ga waɗanda ba sa jin kira, ba ta kuma riƙe komai da za ta tsare su da shi ba. A duba abin da ya biyo baya. Taron yanayi na duniya sau uku a jere a ƙasashen Musulmi aka yi shi: Masar a 2022, Dubai a 2023, Baku ta Azarbaijan a 2024. Na Dubai ma shugaban kamfanin man ƙasar ne, Sultan Al Jaber, ya jagorance shi. Takardar ta roƙi a tsare ƙarin zafin duniya kada ya wuce digiri 2, in so samu ne 1.5, amma 2024 ta zama shekara ta farko da ta haura 1.5 ɗin. Mu ma nan gida, an yi alkawari a 2021 cewa Najeriya za ta daidaita hayaƙinta nan da 2060, an ma yi doka a kai, amma har gobe wutar gas tana ci dare da rana a yankin Neja Delta. Nasiha ga mai mulki abu ne mai kyau, sai dai nasihar da ba hukunci a bayanta kamar bashi ne ba shaida ba rubutu. Malaman Indonesiya sun fi kusa da abin da ake buƙata, domin a 2016 majalisarsu ta fito fili ta ba da fatawa cewa ƙona daji da gangan don share gona haramun ne. Wannan magana ce da liman zai iya ɗauka ya hau mumbari da ita, manomi ya san da shi ake.

Gazawa ta biyu ita ce ta fi damuna. Takardar ta nuna sarƙar daga sama, ba ta biyo ta har ƙasa ba. Jama'ar masallaci, wato mu ke nan, sai a wutsiyar takardar aka ambace mu, cikin wani dogon jeri tare da shugabannin ƙasa da 'yan jarida da 'yan kasuwa, aka ce kowa ya gyara ɗabi'unsa. Wace ɗabi'a? A fara daga ina? Shiru. Mai karatu daga unguwa irin tamu zai rufe takardar yana ganin shi ɗan kallo ne, abin tsakanin Amurka da Sin da Larabawa ne. Alhali mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Mu ɗauki ambaliyar 2011. A wannan rana an auna ruwan da ya sauka a Badun ya haura milimita 180, mutum sama da 100 suka rasu, gadar Apete ta tafi. Ruwan sama daga Allah ne, yawansa kuma yana iya zama da alaƙa da zafin da duniya take ƙarawa. Amma wa ya cika kwalbati da leda da robobi? Wa ya yi gini a bakin Ogunpa da Ona har hanyar ruwa ta tsuke? Wa ya sare itatuwan kan duwatsun garin nan da suke rage wa ruwa gudu? Dattawanmu suna tuna ambaliyar Ogunpa ta 31 ga Agusta, 1980, zamanin Shagari da Gwamna Bola Ige, lokacin ba wanda yake maganar sauyin yanayi a kasuwa. Bayan ta 2011 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 a 2014 don aikin magance ambaliya a garin nan. An yashe koguna, an gina gadoji. Amma magudanar da aka kashe wa miliyoyi, buhun shara 50 sun isa su toshe bakinta. Mu a Sabo muna kan tudu-tudu, abin da muka zuba a lambatu ba ya kwana a ƙofarmu, gangarawa yake yi. Wanda zai kwana a tsaye da yara a kafaɗa yana can ƙasa, wajen Oke-Ado da Molete da Odo-Ona, bai san sunanmu ba, mu ma ba mu san nasa ba. Ranar hisabi kuwa za a san juna.

Sarƙar ba a lambatu kaɗai take ba, ta shiga har cikin aljihunmu. A 2022 da ruwa ya cika kogin Binuwai da Kwara, aka kuma saki na madatsar Lagdo ta Kamaru, mutum sama da 600 suka rasu a ƙasar nan, hanyar Lokoja ta yanke, tireloli suka yi kwanaki a layi, kayan gwari suka ruɓe a mota, dabbobi suka galabaita. A ƙarshen Mayun 2025 ruwa ya afka wa Mokwa, garin da motocinmu suke ratsawa kullum tsakanin nan da gida, ya ci rai sama da 150, kuma Unguwar Hausawa tana cikin wuraren da abin ya fi muni. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Idan fari da ƙarancin makiyaya suka koro garke zuwa Kudu, suka haɗu da cinye burtali da yawan makamai da siyasa, rikici ya tashi a ƙauyen da ba mu taɓa zuwa ba, wa yake kwana da fargaba? Mai tireda a Sabo da mai albasa a Shasha.

Ga kuma wata sarƙar da hannunmu yake ciki dumu-dumu. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 rayuwa ta yi tsada, gas ɗin girki ya gagari gidaje da yawa, aka koma gawayi da itace. Gawayin nan daga dazukan Oke-Ogun ake kawo shi, wajen Saki da Iseyin. Da shi ake gasa tsire da balangun da Sabo ta yi suna da su, wasunmu ma shi ne sana'arsu. Ba na cewa mai tsire ya kashe wutarsa, da me zai ci da iyali? Abin da nake cewa, duk buhun gawayi bishiya ce da ta faɗi, ƙasar da aka tsiraita kuma ba ta riƙe ruwa, sakinsa take yi ya gangaro. Hadisin nan na jirgin ruwa da Bukhari ya ruwaito daga Nu'umanu bin Bashir (RA) ya gama bayanin komai: mutanen da ke ƙasan jirgi suka so su huda wurin zamansu don su ɗebi ruwa ba tare da sun dami na sama ba. Niyyarsu ba mugunta ba ce, kuma a rabonsu za su huda, amma in aka ƙyale su kowa ya nutse. Da masu takardar Istanbul sun bi wannan misali har ƙofar gidan talaka, da kowa ya ga inda nasa ƙusan yake.

Gazawa ta uku ta shafi zuciya. Takardar ta jero halayen Annabi (SAW): yadda yake tattalin ruwa, yadda yake gyara kayansa ya ci gaba da amfani da su, yadda ya keɓe wuraren da ba a sare itace ba a farauta. Duk gaskiya ne. Amma ba ta tsaya ta tambayi abin da ya sa mutum ya san duk wannan, ya haddace shi tun yana Islamiyya, kuma ya bar famfo a buɗe ba. Wa bai san Annabi (SAW) da mudu guda yake alwala ba, abin da bai wuce ledar fiya wata biyu ba? Wa bai ji an hana ɓarnar ruwa ko da a bakin kogi mutum yake alwala ba? Cutar ba jahilci ba ce, gafala ce. Hannu yana aiki, zuciya tana wani gari. Mutum ya tsotse ledar ruwa ya yar, ko tunanin ya yar bai yi ba, balle ya tambayi ina za ta.

Mutanen Turai da Amurka sun lura da wannan giɓin. Tun 1979 wani masani Ba'amurke, Jon Kabat-Zinn, ya fara koya wa marasa lafiya zaman natsuwa da lura da numfashi, abin da ya samo asali daga addinin Buda. Yau ana koyar da shi a makarantu da kamfanoni, wasu masana kuma suna ganin zai taimaka mutane su farka game da yanayi. Mu ba mu buƙatar aro. Imam Gazali ya ware babi guda a Ihya'u kan muraƙaba da muhasaba, wani babin kan tafakkuri, hadisin Jibrilu da yaranmu suke haddacewa na biyu a Arba'una ya koya mana ihsani, wato ka yi aiki kana sane da cewa ana ganinka. Abin mamaki, takardar da malamai suka rubuta ba ta ɗauki wannan makami ta kaifafa shi ba.

Sai dai a nan akwai tarko, nasu da namu duka. Natsuwar da za ta tsaya a sanyaya wa mutum rai kawai, ya ji daɗi ya tashi ya ci gaba da abin da ya saba, barci ne da ido biyu. Haka mai carbi a hannun dama, hagu kuma tana tura tumbin ragon layya a lambatu. Halarcin zuciya na gaske shi ne ka bi abin da ya fita daga hannunka da tunani har inda zai tsaya. Ledar nan ina za ta kwana? Ruwan wankin nan ta ƙofar wa zai bi? Hayaƙin janaretan nan tagar wa yake shiga? Wanda ya saba yi wa kansa irin waɗannan tambayoyin sau biyar a rana, kamar yadda yake duba tsarkin tufarsa kafin salla, ya fara ganin mizanin da takardar take magana.

Kada kuma a ɗauka wa'azi kaɗai zai yi. Baiwar Allah da take fitowa da kwandon shara da zarar hadari ya haɗu, ta juye a kwata, ba lalle ne rashin tsoron Allah ya sa ta ba. Motar shara ba ta zo ba, ko kuɗin ya fi ƙarfinta, shara kuma tana wari a ɗaki ɗaya da yara shida. In ba a gyara mata hanya ba, ko kullum za a yi mata wa'azi sai ta zubar. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun nuna yadda ake haɗa biyun. Daga wajen 1983 wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa kututturan da manoma suke sassabewa duk shekara suna da rai a ƙarƙashin ƙasa, in aka bar 'yan rassa aka gyara su sai su zama bishiya. Lura ce ta gano wannan. Amma abin bai bazu sosai ba sai da manomi ya tabbata itacen da ya raina a gonarsa nasa ne, ba na ma'aikacin daji ba. Da aka haɗa lura da gyaran tsari, sassabin zamani ya dawo da itatuwa kusan miliyan 200, galibi gawo, a kan hekta wajen miliyan 5. Talakawa ne suka yi, Hausawa irinmu, ba tare da taron Paris ba. Haka a tsibirin Misali na yankin Zanzibar, masunta da doka ta kasa hana su kamun kifi da nakiya, da limamansu suka zaunar da su da Alƙur'ani sai suka saurara. Ita wannan cibiya ta Fazlun Khalid tana cikin waɗanda suka yi aikin, shi ya sa na yi mamakin yadda darasin bai fito sosai a takardar ba.

Abin da ya rage, mu da muke karanta littattafan Malikiyya a zaure muna da rabin da takardar ta bari. A Muhtasar na Shaihu Halil, babin raya mataccen wuri, an yi maganar harimi, wato filin da ake bar wa rijiya da bishiya da gida don kada a cutar da su, har wurin zubar da ƙasa da inda indararo yake zuba an ambata. Hadisi na 32 a Arba'una ya hana cuta da cutarwa. An hana ƙazanta a hanya da inuwa da wurin ɗibar ruwa. Waɗannan ba ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya ba ne, karatunmu ne, mun dai mayar da su na haddar baki. Me zai hana limaman Sabo su haɗu su faɗa da murya ɗaya cewa toshe magudana cutar da maƙwabci ne, kuma haƙƙi ne da istigfari kaɗai ba ya sauke shi? Me zai hana kowane layi ya yi asusun shara kamar yadda muke yin adashi, a ɗauke wa gwauraye da marasa hali nasu kason? Me zai hana kafin Babbar Salla a tanadi ramin jini da tumbi a kowane lungu, kafin damina kuma matasa su yi gayyar yashe lambatu da iznin Mai Martaba Sarkin Hausawa da masu unguwanni? Masu sana'ar gawayi da tsire su ma su zauna su duba murhun da ba ya cin wuta da yawa, ribar ma tasu ce. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Hukuncina a kan takardar Istanbul shi ne, ingantacciya ce a aƙida, mai adalci wajen rabon laifi, amma gajeriya ce a aiki. Ta cancanci a karanta ta a bayyana ta da Hausa a majalisun karatu, ita da wadda ta biyo bayanta mai suna Al-Mizan da aka ƙaddamar a Nairobi a Fabrairun 2024. Mu ci gaba da neman haƙƙinmu wurin manyan da suka gurɓata sama, domin bashin yana kansu. Amma kada jiran su ya sa mu manta da wanda yake ƙasa da mu a gangare, shi ma yana bin mu nasa.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu da maƙwabtanmu daga ruwan ɓarna, Ya farkar da zukatanmu daga gafala. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.